Muhammadu Al-Kashinawi: Malamin Katsina da ya shahara da lissafi a Alƙahira

Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi yana cikin manyan malaman da ƙasar Hausa ta fitar a ƙarni na 18. Bafulatani ne daga Katsina, masanin lissafi da ilimin taurari da nahawu da fiƙihu. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Al-Wali na Bagarmi.

Bayan ya ƙoshi da karatu a gida, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a ƙasa mai tsarki yana koyo yana koyarwa. Daga nan ya wuce Masar, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin ilimin taurari na Alƙahira.

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta da Larabci wajen shekarar 1732. A ciki ya yi bayanin ilimin aufaƙ, wato abin da Hausawa ke kira hatimi: a jera lambobi cikin gidaje, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Hatimi mai gida 9 yana ba da 15 ta kowane ɓangare, mai gida 25 kuwa 65.

Ya mai da hankali kan hatimai masu gidaje mara, irin su 3 sau 3 da 5 sau 5. Sirrin cika irin waɗannan shi ne taku madaidaici. A wata sananniyar hanya, ana sa 1 a tsakiyar layin sama, sannan kowace lamba ta matsa gida ɗaya dama, gida ɗaya sama. In ta fita waje sai ta shigo ta ɗaya gefen, in ta tarar da gida a cike sai ta sauka ƙarƙashin wadda ta gabace ta.

Wannan taku da ba ya canzawa shi ne tunanin da ɗaliban sakandare, daga Kafanchan zuwa Katsina, ke gamuwa da shi a darasin aljabara na miƙaƙƙen layi, y = mx + c. Harafin m shi ne gangara, wato yawan hawa a kowane taku ɗaya zuwa dama, c kuwa inda layin ya ratsa sandar y. Layin da ya bi ta (0, 1) da (2, 5) ya hau 4 cikin taku 2, don haka m 2 ne, c kuma 1, lissafinsa y = 2x + 1. Haɗa aljabara da zane ta wannan fuska ya samo tushe ne daga aikin René Descartes na Faransa a 1637, amma hatimin Al-Kashinawi ma a kan ƙa'ida ake gina shi.

Al-Kashinawi ya rasu a gidan Al-Jabarti a shekarar 1154 Hijira, daidai da 1741, ya kuma bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa a littafinsa Aja'ibul Asar. A 1973 kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa ga masu karatun Turanci a littafinta kan lissafin Afirka. Allah Ya jiƙansa da rahama.