Hanibal: Jarumin Afirka da Ya Ketare Tsaunukan Alps

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin Hanibal ɗan Hamilkar, sarkin yaƙin Kartaj, birnin da kufansa yake kusa da Tunis ta yau. Duk shekarun da zan ambata kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ne.

An haife shi a shekarar 247, ya tashi a sansanin mahaifinsa a ƙasar Sifen, aka kuma damƙa masa ragamar rundunar a 221. Da yaƙi ya ɓarke da Rumawa a 218, teku na hannunsu, don haka ya zaɓi hanyar da ba su zata ba. Ya ratsa kudancin Faransa ta yau, ya haye kogin Ron da giwaye 37, sannan ya fuskanci tsaunukan Alps ana gab da hunturu.

Mu da ke Rayfield mun san sanyin Jos, amma tsaunin Shere bai kai mita 2,000 ba. Mashigar Traversette kuwa, wadda wasu masana ke ganin ita ya bi, ta kusa mita 3,000. Mazauna duwatsun suka riƙa gangaro musu da duwatsu, dawakai na zamewa a ƙanƙara suna faɗawa kwazazzabai, ga yunwa. Bayan kwana 15 ya sauka Italiya da dakarun ƙasa 20,000 da mahaya 6,000, kamar yadda masanin tarihi Folibiyus ya rubuta.

Da wannan ragowar, da ƙabilun da suka mara masa baya, ya ci Rumawa a Tirebiya da tafkin Tirasimen, ya kuma yi musu mummunar ɓarna a Kanne a 216. Sai dai birnin Rum ya gagare shi. A 202 Sifiyo ya karya shi a Zama, daga baya ya yi gudun hijira, ya sha guba wajen 183 don kada ya faɗa hannun abokan gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Rumawa sun rushe Kartaj a 146, littattafanta suka salwanta. Labarin Hanibal ya iso mana ne da Girkanci da Latin, ta bakin Rumawa da abokansu. Saboda haka, ɗan'uwa mai nazarin harshe, mu dage da rubuta tarihin magabatanmu da Hausa tun masu saninsa suna raye.