Fada Damien: Limamin da ya zauna da waɗanda doka ta kora

A shekarar 1865, Sarki Kamehameha na Biyar na tsibiran Hawaii ya sa hannu a wata doka da ta ba hukuma ikon kame duk mai cutar kuturta, ta raba shi da iyalinsa. Daga watan Janairun 1866 aka fara kwasar majinyata zuwa Kalawao, a wani ɗan yanki na tsibirin Molokai da teku ta kewaye ta fuska uku, dogon dutse kuma ya tokare ta huɗun. Gwamnati ta zaci za su noma abincinsu, alhali yawancinsu ba su da ƙarfin riƙe fartanya. Can wani limamin Katolika ɗan Beljiyam ya ƙare rayuwarsa.

Sunansa na yanka Jozef De Veuster. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1840 a ƙauyen Tremelo, a gidan manoma. Da ya shiga ƙungiyar limamai ya ɗauki sunan Damien. Yayansa ne aka zaɓa zuwa aikin mishan a Hawaii, rashin lafiya ta hana shi, ƙanen ya maye gurbinsa. Ya sauka Honolulu a 1864, aka naɗa shi limami a wannan shekara.

Ranar 10 ga Mayun 1873 ya isa Molokai bisa raɗin kansa. An shirya limamai su riƙa karɓa-karɓa, amma ya nemi a bar shi ya zauna. Bai daɗe ba ya gane cewa wa'azi ba ya shiga kunnen wanda ke kwana a ɗaki mai yoyo. Sai ya haɗa addu'a da aikin hannu: yana wanke gyambo, yana gina gidaje tare da mazauna wurin, yana shimfiɗa bututun ruwa, yana kula da marayu. Ya sassaƙa akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura, domin mamaci ya samu sutura irin ta ɗan Adam. Wasiƙunsa ba su bar hukumar lafiya ta huta ba, har jami'ai suka riƙa ganinsa mai taurin kai.

Dokar keɓewar ta shafe shi shi ma. Akwai lokacin da aka hana shi hawa jirgin ruwan da ya kawo shugabansa, dole ya tsaya cikin kwalekwale yana ɗaga murya yana furta zunubansa da Faransanci.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi bai ji komai ba. Cutar ta kama shi. Ya ci gaba da aiki, mataimaka irin su Joseph Dutton da Marianne Cope suka iso. Ya rasu ranar 15 ga Afrilun 1889 yana da shekara 49.

Bayan rasuwarsa wani fasto a Honolulu, Charles Hyde, ya zarge shi da ƙazanta da rashin ɗa'a, marubuci Robert Louis Stevenson ya kare shi a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1890. Masana tarihi na baya-bayan nan kuma suna tunatar da cewa 'yan asalin Hawaii da suka bi 'yan'uwansu marasa lafiya don yi musu jinya sun cancanci irin wannan yabo.

An mayar da gawarsa Beljiyam a 1936, Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a 2009. Dokar kuwa ba a soke ta ba sai a 1969, shekara 80 bayan rasuwarsa. Kafin nan ta raba kimanin mutum 8,000 da danginsu.