Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya gano sirrin gado a cikin wake

Makiyayin da ke zaɓen bijimi a kasuwar Dakoro ya san ɗan maraƙi kan tsallake uwa da uba ya ɗauko launin kaka. Wanda ya fara bayyana dalilin haka da lissafi shi ne Gregor Mendel.

An haife shi a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin Jamhuriyar Cek ta yanzu. Iyayensa ƙananan manoma ne, har sai da ƙanwarsa Theresia ta ba shi wani kaso na dukiyar aurenta ya ci gaba da karatu. A 1843 ya shiga gidan ibadar Kirista a birnin Brno. Ya yi karatu a Jami'ar Vienna, amma sau biyu yana zama jarrabawar malanta bai samu takardar ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka kimanin tsirrai 28,000 na wani koren wake na Turai a lambun gidan, yana bibiyar siffofi bakwai. Da ya haɗa dogon iri da gajere, duk 'ya'yan sun fito dogaye. Amma a jikoki sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Daga nan ya fahimci cewa ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata takan rinjayi wata, amma wadda aka danne ba ta ɓacewa, ɓuya kawai take yi.

Ya gabatar da sakamakon a 1865, aka buga shi a 1866, amma masana ba su kula ba. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan, mulki ya cinye lokacinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1884. Sai a 1900 Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak suka sake fito da aikinsa.

Lissafin nan ne ke bayan gwajin jini kafin aure. Idan saurayi AS ya auri budurwa AS, dukansu lafiya lau, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar SS mai sikila. Haihuwar SS ɗaya ba ta kare ukun da za su biyo baya, domin kowane ciki da nasa lissafin.