Edward Appleton (1892-1965): Masanin da Ya Gano Rufin da Ke Dawo da Muryar Rediyo

Manazarta sun sha bayyana rawar da rediyo ya taka wajen yaɗa daidaitacciyar Hausa, musamman tun da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957. Sai dai ba kasafai ake waiwayar yadda murya kan taso daga wata uwa duniya ta gajeren zango, ta sauka a ƙauye kamar Farin Dutse ba. Bayanin hakan yana cikin aikin Edward Appleton.

An haife shi a Bradford ta Ingila ranar 6 ga Satumba, 1892, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge. Aikin sadarwa na soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haɗa shi da rediyo. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda sauti kan ƙaru ya kuma dushe da dare. A Disambar 1924, shi da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi gwaji da tashar BBC ta Bournemouth, suka tabbatar da cewa akwai shimfiɗar iska mai cajin lantarki, kimanin kilomita 100 a sama, wadda ke dawo da saƙon rediyo ƙasa. Ita ake kira ayonosfiya. Daga bisani ya gano wata shimfiɗar a samanta, wadda gajeren zango ya fi dogara da ita.

A 1946 ya nuna cewa ayonosfiyar yankin ikwaita ta saɓa wa zato: cajinta ya yi ƙaranci a kan ikwaitar maganaɗisu, ya taru a arewa da kudu da ita, wajen digiri 15. Nijeriya tana ƙarƙashin wannan yanki. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bayan faɗuwar rana shimfiɗar kan hargitse, guraben da cajinsu ya yi ƙasa su riƙa tasowa kamar kumfa, su karkatar da saƙon rediyo da na GPS.

An ba shi lambar Nobel a 1947. Ya shugabanci Jami'ar Edinburgh daga 1949 har rasuwarsa ranar 21 ga Afrilu, 1965. Bisa ga haka, tarihin rediyon Hausa bai kammala ba sai an haɗa da tarihin samaniyar da ta ɗauko muryar.