Abu Umair, yaro mai ɗan tsuntsu

'Yan uwa, Abu Umair ƙanin Anas bn Malik ne, ɗan Ummu Sulaim da Abu Ɗalha. Yana da ɗan tsuntsu mai jan baki da yake wasa da shi a Madina. Da ya mutu, Annabi (SAW) ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya tambaye shi labarin tsuntsun, ya lallashe shi. Mu nan Auyo kuwa, yaro na kukan tantabararsa da shaho ya sure, tsawa yake sha, balle a sayo masa wata. Alhali malamai daga nan suka ciro halaccin ajiye tsuntsu, muddin ana ciyar da shi.

Abu Umair yana ƙarami ya rasu, mahaifinsa ba ya gida. Bayansa aka haifi Abdullahi, Annabi da kansa ya raɗa masa suna.