Paul Mantz, matuƙin da 'yan kallo ba su san fuskarsa ba

An haifi Paul Mantz a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1903. Ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta soja, amma aka kore shi a 1927, ana dab da yaye su, saboda ya sauko da jirginsa daf da wani jirgin ƙasa mai ɗauke da manyan hafsoshi.

Gangancin da soja suka ƙi, shi masu shirya finafinai na Hollywood suka saya. A fim ɗin Air Mail na 1932 ya ratsa rumfar ajiye jirage da ƙaramin jirgi, ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Tafin kuwa jaruman fim ɗin aka yi wa. Daga baya ya zama mashawarcin Amelia Earhart.

Ranar 8 ga Yulin 1965, yana da shekara 61, ya maye gurbin abokin kasuwancinsa Frank Tallman, wanda ya ji rauni a ƙafa, wajen ɗaukar The Flight of the Phoenix. Jirgin da aka harhaɗa don fim ɗin ya bugi tudun yashi a hamada, ya karye. Nan take Mantz ya mutu, kyamara na ɗauka.