William Carey da Ƙaramar Ikkilisiyar Moulton

Ɗan'uwa, kana ganin ikkilisiyarku ta ƙauye ta yi ƙanƙanta ga aikin Ubangiji? To, ka ji labarin William Carey.

A shekara ta 1785 Carey ya koma Moulton, wani ƙauye a Ingila, inda 'yan Baptis kaɗan suke taruwa. Talakawa ne, abin da suke ba shi bai isa ciyar da iyalinsa ba. Saboda haka yana ɗinkin takalma, yana koyar da yara, ran Lahadi kuma ya yi wa'azi. Ya rataye taswirar duniya a bango, yana addu'a domin al'umman da ba su ji bishara ba.

A 1787 aka naɗa shi faston wannan ikkilisiya. A 1789 ya koma Leicester, a 1793 kuwa ya tafi Indiya, inda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bengali. Can ya rasu a 1834. Yau ikkilisiyar Moulton da sunansa ake kiranta.

Kada ka rena taronku don ƙanƙantarsa. Ka riƙe fastonku da addu'a da baiko, gama ba ka san wanda Allah yake shiryawa a cikinku ba.